Gashina, Sunan Wata

Tunis, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Mbarka,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina Umma da Baba, ina maigidanki da yara? Allah ya sa gwiwar Umma ta lafa. Wannan takarda a ƙasan kwalin sabulu na cusa ta, na ba Ammi Belgasim direba. Ban kira ki ba, don wayarki kullum tana hannun yara, maganar kuwa ba ta tsakar gida ba ce.

Yaya, Talatar da ta wuce rayuwata ta rabu biyu. Har abin da ke kan wuta ina tunawa, kuskus da kabewa, ya kuma ƙone. Nizar ya dawo daga bikin fina-finai na Palermo, ya fita aiki, na buɗe akwatinsa in kwashe wanki. Amma bari in fara gaya miki abin da na ɓoye miki wata bakwai.

Kin san aikin mijina, gajerun fina-finai na rawa, ba magana a ciki, ba a sa su a talabijin, sai dai ya yi ta yawo da su biki-biki. A watan Maris da muka ce muku za mu Tozar shan iska, ba iska muka sha ba. Tsakiyar filin gishiri ya kai ni da sanyin safiya, ya kafa kyamara. Na durƙusa, na kwance kaina, na yi rawar gashi. Na sani, Yaya. Na san ta 'yan mata ce, na san ranar da aka ɗaura wa mace aure ake naɗe gashin a rufe zancen. Amma shekara guda da aure jikina bai yarda an rufe ba. Sharaɗi biyu na kafa masa: kada fuskata ta fito, kada sunana ya fito. Ta baya ya ɗauke ni, minti goma sha huɗu, daga ni sai gishiri sai sama.

To a ƙarƙashin rigunansa na tarar da ɗan littafin bikin. Shafi na talatin da ɗaya, ga bayana, ga gashina ya tashi sama. A ƙasa an rubuta: mai shiryawa, Nizar Kammun, mai rawa, Lina Sa'idi.

Wace ce Lina? Cewa na yi kada a sa sunana, ban ce a sa na wata ba.

Bai tsaya nan ba. A tsakanin shafukan akwai hoto. Nizar a kan dandamali yana washe baki, kusa da shi wata doguwa mai gashi guntu kamar na namiji, ta rungume furanni da wata lambar yabo ta gilashi. Bayansu kuwa majigi ne, kuma bayana ne a kai.

Da ya dawo na tambaye shi yadda bikin ya kasance. Ya ce, "Haka dai. Zauren rabi ya cika, sauti kuma ya yi ta yankewa." Ba furanni, ba gilashi, ba doguwa. Ya miƙo mini 'yan kunne na murjani, mutumin da tsarabarsa ba ta taɓa wuce cakulan na filin jirgi ba.

Na san za ki ce littattafan soyayya sun cinye mini kai. To cikin duk waɗanda na karanta, babu inda mace ta tsinci hoto a ƙasan akwati abin ya zama alheri. Tun ranar nake kallonsa. Yana wanka yana waƙa. Yana kifa wayarsa a kan tebur. Ki gaya mini abin da zan yi.

Ki sumbaci hannun Umma a madadina.

Ƙanwarki,
Dorsaf


Duz, 14 ga Oktoba

Dorsaf, autar Umma, sarauniyar mafarki,

Muna lafiya, sai aikin dabino da ya taso mu gaba. Ki yi haƙuri da tabon da ke jikin takardar, hannuna duk danƙo ne. Taki na karanta sau biyu a bayan rumbu, na jefa ta murhu.

Da kina kusa da sai na ja miki kunne har ya yi tsawon na jaki. Matar aure, kai a kwance, a gaban kyamara! Amma aikin gama ya gama, ba zan ɓata tawada a kai ba.

Zancen doguwa kuwa, ki saurara. Namijin da ke da budurwa ba ya barin hotonta a akwatin da matarsa ke kwancewa, sai dai in wawa ne. Mijinki dai ban rantse ba, mutumin da ya zo neman aure ya ɓata rabin yini yana ɗaukar hoton inuwar raƙumi. Amma wauta daban, cin amana daban. Allah ya ba ki baki. Maimakon ki zauna kina ƙirga waƙoƙin da yake yi a banɗaki, ki ajiye masa littafin a gabansa ki ce ya karanta miki. 'Yan kunnen kuma ki sa abinki, murjani bai yi miki laifi ba.

Ni abin da ya hana ni sukuni daban ne. Kin ce fuskarki ba ta fito ba, har kina murna. To madalla, muddin abin yana can ƙasar Turawa, inda duk baƙin gashi ɗaya ne a wurinsu. Ki tabbata bai tsallako teku ba. Wannan ita ce maganar, sauran duk ƙura ce.

Ga dabino na farkon yanka, ga yajin harisa kwalba biyu. Ɗaya taku, ɗaya ta surukarki in kun je Safakus, kada ki cinye ki ce ta fashe a hanya.

Yayarki,
Mbarka


Tunis, 19 ga Oktoba

Si Nizar,

Sallama. Allah ya kai ka Marsiliya lafiya, ya sa zauren ya fi rabi cika.

Wannan takarda za ka same ta a ƙasan akwatinka, daidai inda na sami littafin Palermo da hoton da ke ciki. Na ga a nan kake ajiye abin da ba ka son faɗa, shi ya sa ni ma na ajiye nawa.

Tambaya uku gare ni. Wace ce Lina Sa'idi? Wace ce mai guntun gashi, in ba ita ba ce? Kuma gilashin da ta rungume, na wane ne, yana ina?

Kada ka kira ni, ba zan ɗauka ba. A waya murya kake gyarawa, ni kuma in narke. Ka rubuta, in ga maganar a tsaye, in juya ta gaba da baya.

Rigarka mai ruwan toka tana aljihun gefe, na ɗinke maɓallin.

Matarka,
Dorsaf


Marsiliya, 23 ga Oktoba

Dorsaf tawa,

Gaisuwa da kewa. Kwana uku ina kira, kin cika alkawari. Ga ni zaune a ɗakin masauki ina rubutu kamar mutumin cikin littattafanki, sai dai shi yakan fi ni gaskiya.

Babu wata Lina. Wurare arba'in da uku na aika fim ɗin nan. Talatin da takwas suka ƙi, yawancinsu da jimla iri ɗaya kamar sun haɗa baki, wasu ko amsa ba su yi ba. Kowane biki da fom ɗinsa, kowane fom da gurbin sunan mai rawa, in ka bar shi fili na'ura ba ta karɓa. Fim ɗin rawa ba mai rawa, wa zai duba shi? Na rubuta Lina don shi ya fara zuwa kaina. Sa'idi kuwa, leƙa ta tagar kicin, allon mai sayar da tayoyi ne. Akwai kuma takardar amincewar mai rawa. Da hannun hagu na sa mata hannu.

A Palermo ƙarfe biyu na rana suka ba mu, lokacin da garin ke barci. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga, biyu suna gyangyaɗi, sauti ya yanke sau uku. Ban yi miki ƙarya a wannan ba. Abin da ban faɗa ba shi ne, da sautin ya mutu a karo na uku, ba wanda ya motsa. Ke kaɗai a kan majigi, ba kiɗa, gashin yana zuwa yana dawowa. Matar da ke yagar tikiti a ƙofa ta shigo ta tsaya, ta manta da ƙofar. Shekara tara ina wannan wahala, don irin wannan mintin nake yi.

Alƙalai ba su ba ni komai ba. Mai rawa suka ba. Kuma ƙa'idarsu ita ce ba a ba da kyauta sai mai ita tana wurin. Mai guntun gashi sunanta Rim, 'yar rawa ce ta nan Tunis, ta je Palermo da nata aikin. Na roƙe ta ta hau dandamali minti biyar. Da aka tambaye ta gashin, ta ce ta yanke shi bayan an gama ɗauka. Har wannan ma sai da suka tafa wa.

Tsakanina da ita babu komai, na rantse da kabarin mahaifina. Gilashin yana cikin durowa a ɗakin da nake tace fim. Na kasa kawo miki shi da sunan wata a jiki, na kasa jefarwa, sai na sayi 'yan kunne.

Yanzu ga albishir, ko ya wanke ni. Wasu matasa sun fara ɗan bikin fina-finai a garinku, a gidan al'adu, tsakiyar Disamba. Sun zaɓi namu, na riga na aika musu hoton fosta. Ki duba, rawar za ta koma inda aka haife ta, 'yan uwanki za su gani su tafa, kuma ba wanda zai sani. Na bi fim ɗin hoto bayan hoto, ko gefen kumatunki bai fito ba.

Wani abokin aiki zai kawo miki wannan gobe. Ki yafe mini.

Mijinki,
Nizar


Tunis, 2 ga Nuwamba

Yaya Mbarka,

Gaisuwa. Dabino ya iso, harisar surukata kuma tana nan da ranta.

Na tambaye shi kamar yadda kika ce, ya amsa a rubuce. Ya ce babu Lina, sunan ƙirƙira ne don cike fom, doguwar kuma aro ya yi ta karɓi kyautar da aka ba mai rawa. Na leƙa taga, ga allon mai tayoyi, Sa'idi, kamar yadda ya faɗa. Amma gaskiyar da aka jera ta tsaf ita ta fi ba ni tsoro. Sai na nemi inda matar take koyar da rawa, na je ban gaya masa ba. Hawa na uku ne, saman shagon wani mai sayar da miyar lablabi, duk matakalar warin tafarnuwa.

Kafin in yi sallama ta dubi ɗankwalina, ba fuskata ba, ta ce, "Ke ce matar Nizar."

Na ce, "Ke ce Lina."

Ta ce, "Allah ya raba ni. Rim nake. Shigo, uwargida, cire takalmi, katakon nan ya fi ni tsada."

Ta dafa shayi. Na zuba mata ido ina neman abin da littattafai suka ce a nema, rawar hannu, kauce wa ido. Ban samu ba. Sai dai ta san Nizar ba ya shan sukari, na riƙe wannan a raina.

Ta ce a Palermo, bayan an ba ta gilashin, wani daga cikin masu kallo ya miƙe ya roƙi ta nuna musu juyi ɗaya. Ta ce masa wuyanta ke ciwo. "Kwana uku ina yawo da gyale a wuya kamar mai sanƙarau, saboda mijinki."

Na yi dariya ban shirya ba. Sai ta jawo durowa ta fito da gashin kanti, dogo, baƙi, da wata takarda. Wata makarantar rawa ce a Marsiliya take gayyatar Lina Sa'idi ta koyar da rawar gashi kwana goma a watan Afrilu.

Na ce, "Nizar ya san da wannan?"

Ta ce, "Shi ya turo mini."

Yaya, wasiƙarsa shafi uku ce, har da rantsuwa da kabari, amma wannan ba ta ciki.

Ta ɗaura gashin kantin, ta durƙusa, ta nuna mini abin da ta koya daga kallon fim ɗin. Da wuyanta take jefa shi, kamar mai korar ƙuda. Ba ta san daga ƙugu yake tasowa ba, wuya bi kawai yake yi. Na zauna a kan hannuwana don kada in gyara mata.

Ta cire shi ta jefar, ta ce, "Shekara goma sha biyar ina rawa, ko furen roba ba a taɓa ba ni ba. Na hau dandamali minti biyar da rawar wata, aka miƙe mini tsaye. Kin ɗauka daɗi na ji? Ko ki koya mini in zama Linar da gaske, ko ki zo ki kwashi kayanki. Tsakiyar nan ce ba zan iya ba."

Na sauko na kama hanyar gida. Soyayya na je nema, na ma so in same ta, don ita littattafai sun koya mini abin yi. Abin da na tarar ba shi cikin kowane littafi. Ba mijina aka ɗauke mini ba, ni aka ɗauke, kuma ni na buɗe ƙofar da sharaɗina.

Saura mafi muni. Abin da kika ji tsoro ya faru, zai tsallako teku. A gidan al'adu na Duz za a nuna shi a Disamba, ya riga ya aika musu fosta, yana ma kiran abin albishir. Don Allah ki bi ta wurin ki duba ko sun liƙa.

Taki,
Dorsaf


Duz, 11 ga Nuwamba

Dorsaf,

Muna lafiya. Ba zan ja gaisuwa ba.

Sun liƙa. Ɗaya a ƙofar gidan al'adu, ɗaya a tasha, ɗaya a bangon kemis, inda duk matar garin nan sai ta bi.

Mijinki ɗan Safakus ne, mutanen bakin teku da fuska suke gane mace. Shi ya zauna yana bin hoto yana neman kumatu. Ba wanda ya gaya masa cewa a garin da 'yan mata ke juya wa taro baya su saki gashi, ƙeya ita ce fuska? Ke fa, da aka haife ki a nan?

Kwana ɗaya fostar ta yi. Inna Halluma mai kitso ta fito daga kemis, ta ɗaga kai, ta ce a gaban mata huɗu, "Wannan ai kan autar Fajra ne. Ga tsagar nan da ta karkace hagu, shekara goma ina fama da ita." Kafin la'asar labari ya gama gidaje, kafin magariba mata sun gaya wa mazansu.

Umma ta ce in raka ta. Da gwiwar nan tata ta taka har kemis, ta ƙi mota. Ta tsaya a gaban hoton, na ɗauka za ta faɗi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ta saki kafaɗar hagu. Sau nawa zan gaya mata." Sai ta nuna rubutun ƙasa, ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce, "Lina 'yar wa?" Na ce ban sani ba. Ta juya muka koma gida.

Baba ya canza hanyar masallaci, yana zagayawa ta bayan makaranta. Amma yana zuwa gidan gahawa kullum, yana zama a kujerarsa. Kin san dalili? Don takarda ta ce Lina. Maigidana yana wurin lokacin da Si Amur, wanda ya nema wa ɗansa aurenki aka hana shi, ya ce masa, "Haj Hadi, ka ga 'yar Tunis ɗin nan mai gashi da aka liƙa?" Baba ya ce, "Na gani, Allah ya shirya wa iyayenta ita," ya jefa kartarsa. Kowa ya sani, ba mai iya faɗa. Sunan ƙaryar nan da ke ƙona miki rai, shi ne rigar da mahaifinki yake sanye da ita a bainar jama'a.

Don haka ga shawarata, ki ji ko kada ki ji. Ko mijinki ya janye fim ɗin, a ce na'ura ta lalace, fosta ta koɗe a rana. Ko a bar shi yadda yake, doguwar ta zo da guntun gashinta ta tsaya a gaba, a tafa mata, kowa ya koma gida da abin da ya sani a cikinsa. Nan da bikin aure biyu an manta. Ke dai kada ki zo. Suna ba a cinsa, ba a shansa, Dorsaf. Baba kuwa shekararsa saba'in da ɗaya, kujerar nan ita ta rage masa.

Abu ɗaya zan ƙara don kada in ci amana. Ina ɗaure kwalin nan Umma ta shigo, ta saka kwalba a ciki, ta fita. Man gashinta ne, mai kanumfari, wanda take haɗa mana in za mu rawa muna 'yan mata. Na tambaye ta saƙon me zan rubuta, ta ce ba saƙo. Ban san nufinta ba. Mai yiwuwa gani ta yi bakin gashinki ya bushe a hoto. Kada ki mayar mini da shi babin littafi.

Yayarki mai ƙaunarki ko da kina ba ta ciwon kai,
Mbarka


Tunis, 20 ga Nuwamba

Dorsaf,

Barka da safiya. Tunda har yanzu a gida ɗaya muke amma magana sai ta takarda, ga wannan kusa da butar shayi.

Rim ta gaya mini kin je. Gayyatar Marsiliya gaskiya ce. Da na gan ta fim ɗina na tuna, ban tuna ki ba, kuma na ɓoye miki da sani. Wasiƙar Yaya Mbarka da kika bar mini a kan matashi na karanta. Ban san ƙeya fuska ba ce. Wata takwas ina kallon rawar nan ta cikin kyamara, ashe ban ga komai ba.

Ga takardu uku a ƙarƙashin wannan. Ta farko ta janye fim ɗin daga Duz. Ta biyu tikitin motar Rim ne, ta ce za ta je in ke kika ce, ba ni ba. Ta uku takardar amincewar mai rawa ce, sabuwa, gurbin suna a buɗe.

Kada in sake ɓoye miki wani abu. In kika cike ta ukun, dole in rubuta wa Palermo in ce sa hannun farko nawa ne. Za su iya karɓe kyautar, kuma masu shirya bukukuwan nan duk sun san juna, ƙofofi za su rufe mini. Ban faɗa don ki tausaya mini ba. Na faɗa don ki auna da komai a kan sikeli.

Wadda kika zaɓa ki bar ta a kan tebur, sauran ki yaga.

Nizar


Tunis, 8 ga Disamba

Yaya Mbarka,

Gaisuwa gare ki da kowa. Na gode da shawararki, na san daga zuciya ta fito. Kwana goma sha takwas takardun nan uku suna kan tebur, muna cin abinci a gefensu.

Man Umma ban mayar da shi babin littafi ba. Shafawa kawai nake yi.

Na yaga biyu. Ta ukun na cike da hannun dama: Dorsaf 'yar Hadi da Fajra. Nizar ya aika wa Palermo tasa wasiƙar jiya, na karanta kafin ya rufe.

Kada ki gaya wa Baba komai, ba a bakinki ya kamata ya ji ba, ba kuma a gidan gahawa ba. Ina zuwa ranar Laraba a motar Ammi Belgasim, daga tasha wurinsa zan wuce. Ranar Juma'a, in fim ya ƙare aka kunna fitila aka tambayi mai rawa, ni zan miƙe.

Ƙanwarki,
Dorsaf